TSIBIRIN ƊAWISU A LOKACIN HUNTURU

A kudu maso yammacin birnin Barlin, babban birnin ƙasar Jamus, akwai wata hanya da ta ratsa daji, ta gangara har bakin Kogin Havel, ta ƙare a nan. Wanda ya hau bas mai lamba 218 daga tashar jirgin ƙasa ta Wannsee, a nan ne za a sauke shi, domin babu gaba sai ruwa. In ya je cikin watan Yuni, zai tarar da wurin cike da iyalai da ɗaliban makaranta, kowa na jiran jirgin fito. In kuwa cikin watan Disamba ya je, da wuya ya sami mutum goma a bakin ruwan. Itatuwa sun kaɗe ganye sun yi tsirara, kogin ya yi launin toka, numfashin mutum na fita kamar hayaƙi, rana kuma ba ta fitowa sai bayan ƙarfe takwas na safe, kafin ƙarfe huɗu na yamma ta faɗi.

Tsallaken bai wuce na 'yan mintoci ba. Jirgin fiton sunansa Luise, sunan wata sarauniyar ƙasar da ta rasu a 1810. Da an sauka aka hau 'yar gangara, baƙo zai ga abin da hankali bai shirya gani ba: tsuntsu mai shuɗin wuya, da tukku a ka, da doguwar jela yana ja, yana takawa sannu a kan dusar ƙanƙara, yana ɗaga ƙafa ɗaya ya ɓoye ta cikin gashin cikinsa, sa'an nan ya sauke ya ɗaga ɗayar. Ɗawisu ke nan, wanda a ƙasar Hausa ba a cika ganinsa ba sai a fadar sarki ko gidan attajiri, tsuntsun da asalinsa Indiya da Siri Lanka. Ga shi kuwa a ƙasar da ruwa ke daskarewa a cikin bokiti.

Jamusawa na kiran wurin Pfaueninsel, watau Tsibirin Ɗawisu. Tsawonsa kamar kilomita ɗaya da rabi, faɗinsa rabin kilomita, girmansa duka hekta 67, wajen eka 165 ke nan. Ba a shiga da kare, ba a shiga da keke, an kuma hana shan taba. Akwai 'yan gommai na tsuntsayen ɗawisu a ciki, galibinsu suna yawo sake. Tambayar da ke zuwa wa duk wanda ya gan su a wannan lokaci ita ce: yaya baƙon ƙasar zafi ke kai bazara da rai? Amsar tana da amfani ga duk wanda ƙaddara ta ɗora wa riƙon irin wannan tsuntsu a ƙasar sanyi, tana kuma da abin lura ga mai kiwon kaji da zabi a ko'ina.

DAGA ZOMAYE ZUWA ƊAWISU

A da, Tsibirin Zomaye ake ce da wurin, saboda mai mulkin ƙasar Brandenburg ya sa an yi kiwon zomaye a cikinsa. A 1685 ya ba da tsibirin ga wani masanin haɗe-haɗen sinadarai, Johannes Kunckel, wanda ya shahara wajen yin jan gilashi mai kama da yaƙutu. Aka hana kowa shiga, mutanen ƙauyukan da ke kewaye kuma, da suka riƙa hango hayaƙi na tashi dare da rana, sai suka ce tsafi ake yi. A 1689 gobara ta cinye ma'aikatar ƙurmus. Tsibirin ya koma kufai har shekara ɗari da ɗoriya.

A 1793 Sarkin Furusiya, Friedrich Wilhelm na Biyu, ya mallaki wurin. Daga 1794 zuwa 1797 aka gina masa wata 'yar farar fada a ƙarshen tsibirin na yamma, shi da abar ƙaunarsa Wilhelmine Encke. Ginin na nan har yau: hasumiya biyu da gada a tsakaninsu can sama, an rufe jikinsa da katako an shafe da farin fenti, an kuma yi shi da gangan kamar ginin da ya soma rushewa, don haka masu sarauta na Turai ke sha'awa a wancan zamani. A cikin fadar akwai wani ɗaki da aka zana bangonsa kamar bukkar gora ta mutanen tsibirin Tahiti. Wannan kaɗai ya isa ya nuna abin da ke ran sarkin: mutumin ƙasar sanyi ne da ke begen ƙasashen rana. A cikin waɗannan shekaru ne aka kawo ɗawisu tsibirin. Shi kuwa sarkin bai mori wurin ba, domin a shekarar da aka gama ginin, 1797, ya rasu.

Ɗansa, Friedrich Wilhelm na Uku, shi ya mai da sha'awar ta zama babban aiki. Ya sa mashahurin mai tsara lambuna, Peter Joseph Lenné, ya sake fasalin tsibirin, aka yi lambun furanni, aka kafa injin tururi mai jawo ruwa daga kogi. Sa'an nan aka shiga tara dabbobi daga nahiyoyi: zaki, da birai, da beyar, da lama daga Amurka ta Kudu, da kangaru daga Ostireliya, da tsuntsaye iri-iri. Zuwa 1832 yawansu ya haura 800. Aka buɗe wa talakawa ƙofa kwana uku a mako, da aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa tsakanin Barlin da Potsdam a 1838 kuwa, sai 'yan kallo suka riƙa kwarara.

Tara baƙi abu ne mai sauƙi ga mai kuɗi. Raya su cikin hunturu shi ne aikin. Saboda haka ne a 1828 aka gina wani ɗan gida a tsibirin wanda sunansa ma ya faɗi aikinsa: Gidan Hunturu na Baƙin Tsuntsaye. Ba shi da hasumiya, ba shi da ado irin na fada, yawancin masu yawon buɗe ido ma wucewa suke yi ba su tsaya ba. Kusan lokaci guda kuma aka gina wani ƙaton gidan gilashi, dogo, mai ɗumi, don itatuwa dangin dabino da kwakwa da aka sayo daga Faris. Wannan shi ne abin alfaharin tsibirin, har mai zane Carl Blechen ya zana cikinsa. A cikin watan Mayu na 1880 gobara ta tashi da dare ta cinye shi da itatuwan da ke ciki, ba a kuma sake gina shi ba. Ɗan gidan tsuntsayen kuwa yana nan tsaye.

Ba dabbobi kaɗai aka kawo daga ƙasashen zafi ba. Akwai wani saurayi mutumin Hawai, wanda aka sani da suna Harry Maitey, da jirgin ruwan fatake ya kawo shi Furusiya a 1824. A 1830 aka tura shi tsibirin ya zama mataimakin mai kula da injin ruwa. Ya yi aure a ƙasar, ya tsufa a ƙasar, ya rasu a 1872 bai sake ganin garinsu ba. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, ya kwana ya tashi. Baƙin wannan tsibiri dai ba su sami damar tashi ba.

Da Friedrich Wilhelm na Huɗu ya hau gado, bai damu da kiwon ba. Daga 1842 aka kwashe yawancin dabbobin aka kai cikin birni, da su aka kafa gidan namun daji na Barlin wanda aka buɗe a 1844, na farko a ƙasar Jamus. Zaki ya tafi, birai sun tafi, tsibirin ya riƙe sunansa da tsuntsun da ya ba shi sunan.

ƊARI DA SANYI

Kafin a fahimci yadda ɗawisu ke rayuwa a nan, ya kamata a san irin hunturun da ake magana. A Kano, ranar da ma'aunin zafi ya sauka zuwa digiri 10, tsofaffi da kaskon garwashi suke kwana, yara kuma su ƙi wanka. A Barlin, matsakaicin ma'auni a watan Janairu bai fi digiri 1 ba, dare kuwa galibi ƙasa da sifiri yake sauka. Digiri 10 ƙasa da sifiri ba baƙon abu ba ne, a watan Fabrairu na 1929 ma har 26 ƙasa da sifiri aka auna. Ga kuma dare mai tsawon sa'a 16, wanda tsuntsu zai yi shi bai ci kome ba.

Harshen Hausa ya raba abu biyu da ke da muhimmanci a wannan magana. Akwai ɗari, busasshe, irin na hunturu mai fasa leɓe da kaushi. Akwai kuma sanyi, mai laima, irin na marka, mai shiga ƙashi. Shuɗin ɗawisu na Indiya yana jure wa ɗari fiye da yadda ake zato. Ƙasarsa ta asali ma ba duka ce mai zafi ba: a arewacin Indiya daren hunturu kan kusanci daskarewa, ana kuma samun tsuntsun har a gindin duwatsun Himalaya. Zafin jikinsa ya kai wajen digiri 41, in ya buɗa gashinsa ya kumbura, iskar da ta maƙale tsakanin gashin sai ta zame masa bargo. Muddin gashin a bushe yake, iska kuma ba ta hura shi, to, zai kwana lafiya. Abin da ke kashe shi shi ne laima ta haɗu da iska. Gashi in ya jiƙe sai ya kwanta, bargo ya tafi, zafin jiki ya zurare cikin 'yan sa'o'i.

Wurin da ya fi rauni shi ne ƙafa. Allah ya yi wa tsuntsaye wata hikima: jijiyar da ke kai jini mai ɗumi zuwa ƙafa tana manne da wadda ke komo da jini mai sanyi, sai ta ɗumama shi kafin ya shiga jiki. Ta haka tsuntsu ke tsayawa a kan ƙanƙara ba tare da ya yi hasarar zafin jikinsa ba. Amma wannan na nufin yatsun kansu a sanyaye suke zama, in dare ya tsananta kuma jini ya kasa kai musu, sai su daskare. Yatsan da ya daskare yakan kumbura, ya yi baƙi, ya bushe, bayan 'yan makonni ya guntule. Ɗawisun da ya rasa yatsu ba ya iya kama reshe, wanda bai iya kama reshe ba kuwa a ƙasa zai kwana, na ƙasa kuma abincin dila ne.

Sai kuma jela. Abin da ake kira jelar ɗawisu, a gaskiya gashin gadon bayansa ne da ya yi tsawo har ya kai mita ɗaya da rabi, ainihin jelar gajeriya ce a ƙarƙashi, ita ke tokare shi in ya buɗe. Namiji ba ya samun cikakkiyar jela sai ya shekara uku. Kowace shekara, a ƙarshen lokacin zafi, yakan zubar da ita gaba ɗaya, sabuwa ta riƙa tsirowa a hankali. Watau cikin tsakiyar hunturu, lokacin da abinci ya yi ƙaranci, jikinsa na aiki biyu: yana yaƙi da ɗari, yana kuma saƙa rigar da zai yi ado da ita a bazara. In jelar ta ja taɓo ta jiƙe ta daskare, sai ta yi nauyi ta hana shi tashi sama.

Duk wanda ya taɓa kiwon zabi ya san halin ɗawisu, domin 'yan dangi ne. Ka gina wa zabo akurki, magariba na yi ya haye bishiya. Haka ɗawisu yake. A tsibirin akwai ɗaruruwan tsofaffin itatuwa da Jamusawa ke kira Eiche, masu kauri kamar tsohuwar tsamiya, wasunsu sun girmi fadar sarkin kanta. Lafiyayyen ɗawisu da ya saba da wuri, in an bar shi da zaɓinsa, can ƙolin itace zai kwana ko ana zuba dusar ƙanƙara. A wurinsa tsoron maƙiyi ya fi tsoron ɗari, domin a dazukan Indiya damisa ce ke farautarsa.

TSINTACCEN ƊAWISU

Tsuntsayen tsibirin suna da gata: akwai ma'aikatan hukumar kula da fadoji da lambunan tsofaffin sarakunan Furusiya, masu ba su abinci da lura da lafiyarsu, akwai kuma babban keji tun na zamanin sarakuna. Wanda ke cikin haɗari na gaske shi ne ɗawisun da ba shi da kowa. A ƙasashen Turai da Amurka mutane kan sayi ɗan tsako don sha'awa, ba su san cewa zai rayu shekara 15 ko 20 ba, ba su kuma san cewa in lokacin barbara ya zo, kukansa mai kama da ihun mutum zai hana unguwa barci ba. Maƙwabta su kai ƙara, mai shi ya gaji, ko kuwa tsuntsun da kansa ya tsallake katanga ya ɓace. Irin wannan ne akan tsinta a ƙarshen kaka, a ramamme, a kan rufin gareji ko a bayan rumbun wani manomi.

A ce wani mazaunin ƙauye a gefen Barlin ya tsinci irin wannan tsuntsu cikin watan Nuwamba. Abu na farko, ba nasa ba ne. Dokar Jamus ta ce a sanar da hukuma tsintuwa, mai abu kuma yana da wata shida na neman kayansa, kamar yadda a shari'ar Musulunci ake cigiyar tsintuwa shekara guda. Amma hunturu ba zai jira a gama cigiya ba. Tilas wanda ya tsinta ya nemi makwanci tun a daren farko.

Masu kiwo da suka daɗe a harkar sun yi ittifaƙi a kan 'yan abubuwa. Na farko, ɗaki mai rufi wanda ba ya yoyo, mai bango aƙalla uku, ƙofarsa na duban kudu, inda 'yar ranar hunturu ke fitowa, ta ba iska baya. Tsohon rumbu ko ɗakin ajiyar itace ya wadatar, in dai tsayinsa ya kai ƙafa bakwai ko takwas. Akurkin kaji bai yi ba, don jela ba za ta sami wuri ba, in ta riƙa gogar bango kuwa sai ta kakkarye.

Na biyu, kuma shi ne mafi muhimmanci duk da arharsa: katakon kwana. Mutum zai zaci sanda mai zagaye ce ta dace, tun da reshe haka yake. To, a ƙasar ƙanƙara kuskure ne. A kan siririyar sanda yatsun tsuntsu kan lanƙwashe su leƙo ƙasa, iska ta same su. Abin da ake so shi ne katako mai faɗin inci huɗu, kamar santimita 10, a kwantar da shi ta faffaɗan gefen, yadda in ɗawisu ya zauna ƙafarsa za ta shimfiɗe, gashin cikinsa ya lulluɓe yatsun duka. Ƙarfe kuwa haramun ne, don yana zuƙe zafi. A ɗaga katakon sama da ƙasa kamar ƙafa biyar, a nisanta shi da bango yadda jela za ta sauka ba ta taɓa kome ba. Wannan ɗan katako, wanda kafinta zai iya bayarwa kyauta, shi ne ke raba ɗawisu mai yatsu da gurgu.

Na uku, a shimfiɗa busasshen karan alkama ko garin katako mai kauri a ƙasa, a riƙa canzawa. Yana tsotse laima, yana kuma sassauta wa tsuntsu dira, gama namijin ɗawisu ya kai kilo huɗu zuwa shida, dira daga sama a kan daskararriyar ƙasa kuwa tana fasa tafin ƙafa.

Na huɗu shi ne inda masu tausayi suka fi yin kuskure. Mutum ya ga ana ɗari, sai ya toshe kowace kafa, ya liƙe taga, ya ce ya kyauta. Alhali numfashin tsuntsu da kashinsa tururi suke fitarwa, in tururin bai sami mafita ba sai ya taru a rufi, ya ɗigo, ya jiƙa gashi, ya daskare a kan yatsu. Warin kashi kuma ya ɓata huhu. Watau da hannunsa ya mai da ɗari ya zama sanyi. Abin da ya dace shi ne a bar kafofi can sama kusa da rufi, sama da kan tsuntsun, a sa musu waya, iska ta riƙa fita da laima ba tare da ta bugi mai barci ba.

Haka kuma maganar wuta. Zuciya na raya wa mutum ya rataya fitilar lantarki mai ɗumi, irin wadda ake sa wa 'yan tsaki. Amma ƙaton tsuntsu mai fukafukai, da fitila mai zafi, da busasshen kara, in suka haɗu a ɗaki guda, gobara ce ke jiran lokaci. Daɗin daɗawa, tsuntsun da ya saba da ɗumi jikinsa ba ya shirya wa ɗari, ranar da lantarki ya ɗauke kuwa ya shiga uku. Saboda haka ba a ba shuɗin ɗawisu lafiyayye wuta. Ana keɓe ɗumi ne ga maras lafiya, da 'yan tsakin da aka ƙyanƙyashe a makare, da kuma koren ɗawisu na kudu maso gabashin Asiya, wanda shi kam ba ya jure ƙanƙara ko kaɗan. Don haka wajibi ne mai tsintuwa ya fara sanin wane iri ne a hannunsa.

Sai ci da sha. A dawa ɗawisu na cin tsaba da ƙwari da ƙananan macizai, to, cikin hunturu ƙasa ta rufe, babu ko tsutsa. Akan ba shi abincin talotalo mai gina jiki, da ganyen kabeji, da 'yar tsakuwa don niƙa, da yamma kuma a ƙara masa masara ko alkama ya kwana da ita a maƙoshi. Ruwa ya fi abinci wuya, domin kafin azahar ya zama dutse. Sai an fasa an canza safe da yamma, ko a sami mazubi mai ɗan ɗumi daga ƙasa. Tsintaccen tsuntsu kuma galibi da tsutsar ciki da ƙwarƙwata yake zuwa, ya kamata likitan dabbobi ya duba shi, a kuma ware shi daga kajin gida har wajen wata guda.

Abu na ƙarshe shi ne haƙuri. Ɗawisu bai san an cece shi ba. In aka sake shi a makon farko, tafiya zai yi neman inda ya fito. Masu kiwo kan tsare sabon tsuntsu mako shida zuwa takwas, wasu har wata uku, ana ba shi abinci a wuri guda, a lokaci guda, da kira iri guda, har ya yarda nan ne gida. Ga wanda aka tsinta a Nuwamba, ma'anar wannan ita ce hunturunsa na farko a tsare zai yi shi, a ɗaki mai haɗe da fili da aka kewaye da waya har sama. In ya saba cin abincin yamma a cikin ɗaki, to, daren da guguwa ta taso ana iya rufe masa ƙofa ba sai an bi shi kan itace da tsani ba.

MAƘIYA TA ƘASA DA TA SAMA

Ruwa shi ne ganuwar tsibiri, amma a shekarar da ɗari ya tsananta, Kogin Havel kan daskare, ganuwa ta zama gada. Jirgin fito na iya tsayawa, jan dila na Turai kuwa ya sami hanya. Ga kuma wata dabba 'yar asalin Amurka mai baƙin zane a ido, gwanar hawan itace da buɗe ƙofa, wadda ta yaɗu ƙwarai a Barlin da kewaye. Don haka ɗakin ɗawisu na bukatar sakata ta gaske, da waya mai ƙananan idanu da aka binne gindinta a ƙasa.

Maƙiyin sama kuwa ba a ganinsa. Agwagin ruwa da dinya masu ƙaura, waɗanda ke sauka a koguna da tafkunan Jamus cikin hunturu, su ne kan ɗauko murar tsuntsaye. Masu kiwon kaji a Nijeriya ba su manta da watan Fabrairu na 2006 ba, lokacin da aka tabbatar da ɓullar cutar a Jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar Afirka. A cikin wannan wata ne kuma aka tsinci gawawwakin tsuntsayen ruwa masu ɗauke da ita a tsibirin Rügen na Jamus. Tun daga nan, duk hunturun da cutar ta taso, hukumomin Jamus kan ba da umarni a tsare tsuntsayen gida ƙarƙashin rufi. Wanda bai tanadi ɗaki ba don yana ganin tsuntsunsa jarumi ne, ranar nan zai rasa inda zai sa shi.

ABIN DA YA SAURA

Tsibirin ya ga zamani iri-iri. A 1924 aka mai da shi wurin da doka ta kare halittunsa. A watan Agusta na 1936, da ake rufe wasannin Olamfik na Barlin, ministan farfaganda na gwamnatin Hitila, Joseph Goebbels, ya yi ƙasaitacciyar liyafa a nan, har sojoji suka shimfiɗa gada a kan ruwa don baƙi. Daga 1961 zuwa 1989, lokacin da Katangar Barlin ke tsaye, tsibirin na cikin Barlin ta Yamma, iyaka kuma ta bi ta cikin kogin, wanda ya tsaya a gaban farar fada yana hango masu gadin Jamus ta Gabas a ƙetare, wajen ƙauyen Sacrow. A 1990 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya tare da fadojin Potsdam. Tun 2010 kuma akan kawo ɓaunar ruwa, ita ma 'yar asalin Asiya, ta yi kiwo a fadamun tsibirin cikin watannin ɗumi.

Sarakunan da suka kawo ɗawisu don ado, sarautarsu ta ƙare a 1918. Gidan gilashin da aka kashe wa dukiya ya zama toka. Abin da ke kai tsuntsun bazara bai canza ba tun 1828: rufin da ba ya yoyo, da makwanci busasshe, da mutumin da zai fito cikin duhun asuba da bokiti ya fasa ƙanƙarar ruwan sha, ko akwai 'yan kallo ko babu. Wanda ya raba halitta da ƙasarta, ko ya tsince ta a hanya ya buɗe mata ƙofa, amana ya ɗauka, amanar kuwa cikin watan Janairu ake gane mai riƙe ta.

Wajen ƙarshen Maris ƙanƙara kan narke, rana ta ƙara tsawo, jirgin fito ya soma cika. A lokacin sabuwar jela ta kammala. Namijin da ya yi wata huɗu a takure sai ya fito fili, ya juya wa iska baya, ya girgiza, ya buɗe idanun nan fiye da ɗari masu shuɗi da kore da ruwan zinariya, ya ƙwala kukan da ake ji har ƙetaren kogi. Jama'a su taru da na'urorin ɗaukar hoto, kowa na duban jela. Masu kula da shi kuwa ƙafarsa suke fara dubawa, su ƙirga yatsu.